Toxapex ɗina ba ya faɗuwa, amma ni ake cinyewa

Ɗan Autan Kanto:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan tawagar Pokémon da nake bugawa da ita a OU (babban rukunin faɗan ɗaya-da-ɗaya) na wasan Scarlet da Violet a Showdown, shafin intanet da ake karawa a kai. Ga su nan: Dragapult, Iron Valiant mai Booster Energy, Kingambit, Cinderace, Great Tusk, sai Toxapex. Da shida duk masu kai duka nake ɗauka, sai wani ya ce min dole a samu ko guda ɗaya mai shanye bugu. Na ba Toxapex ɗin Recover (mai dawo da jini), Toxic (mai sa guba), Haze (mai goge ƙarin ƙarfi) da Surf (harin Ruwa), yana riƙe da Black Sludge. Shanyewa kam yana shanyewa, sau da yawa ma shi kaɗai ke rage min a ƙarshe, jininsa kusan cike. Amma wasan ni ake ci. Shin zamaninsa ne ya wuce, ko akwai abin da ban gani ba?

Mai Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Cire shi, ƙanina. Ka ɗauko motoci biyar na tsere ka haɗa su da tirela a ayari ɗaya, sannan kana tambayar me ya sa ba ku isa da wuri ba. Duk lokacin da ka shigo da Toxapex, abokin karawarka hutu ya samu. Ya san ba abin da za ka yi masa, sai ya canza zuwa wanda yake so a natse, ya shimfiɗa Stealth Rock, ya zuba Spikes, wato tarkunan da ke cin jinin duk wanda ya shigo fili, ka dawo da Dragapult ɗinka yana taka ƙaya.

Kunkuru152:
Maganar Mai Gaggawa rabinta gaskiya ce, kuma ba kasafai nake faɗin haka ba.

Ɗan Auta, fara duba abin da Toxapex yake da shi. Defense 152, Special Defense 142, amma HP ɗinsa, wato jininsa, na asali 50 ne kacal, gudunsa 35, ƙarfin dukansa kuma 63 da 53. A mataki na 100, in ka cika masa EV (makin horo) 252 a jini, 304 zai tsaya. Abin da ya sa ya gagari mutane tun fitowarsa a Sun da Moon a 2016 ba waɗannan lambobin ba ne kaɗai, baiwarsa ce, Regenerator. Duk fitar da zai yi daga fili, kashi ɗaya cikin uku na jininsa ke dawowa, wato wajen 101. Ka ga ke nan an gina shi ne don ya riƙa shiga yana fita, ya sha bugu, ya bar wa wani fili, ya warke a benci ba tare da ya kashe zagaye ko ɗaya ba.

To yanzu wa zai bar wa filin a tawagarka? Iron Valiant in ya shigo Booster Energy, abin riƙewa mai ƙara ƙarfi, ya tashi, da ya fita shi ke nan ya ƙone, ba ya dawowa. Dragapult da Cinderace ba jikin shan duka gare su ba. Tawagarka ba ta son canji, shi kuma Toxapex da canji yake rayuwa. Shi ya sa yake rage maka a ƙarshe: sauran biyar sun mutu ne wajen karɓar dukan da ya gudar musu.

Hajiya Chansey:
Ku dubi nau'in Ƙasa ma. Toxapex, Kingambit da Cinderace duk ukun Earthquake ninki biyu yake musu, kuma a cikin shidan babu ko ɗaya da yake tashi sama. Great Tusk ɗin abokin gaba in ya shigo gaban Toxapex ɗinka, ina za ka? Naka Great Tusk ɗin kaɗai, shi ma cin jiki zai yi ta yi har ya gaji.

Ɗan Autan Kanto:
Hajiya wallahi nan ne yawanci ake karya ni. Da Gholdengo kuma. Da ya shigo sai in rasa abin dannawa.

Malam Lissafi:
Gholdengo ai maganin wannan saitin naka ne gaba ɗaya. Nau'in Ƙarfe ne da Fatalwa, guba ba ta kama shi tun asali, ga Good as Gold da ke tare duk wani motsi mara duka da aka nufe shi da shi. Haze na aiki a kansa, don Haze fili duka yake shafa, ba mutum ɗaya ake nufa ba, saboda haka in ya yi Nasty Plot ya ƙara wa kansa ƙarfi za ka iya gogewa. Amma daga nan fa? Surf daga mai ƙarfin 53 ba zai razana shi ba, kuma shi ma yana da Recover.

Nan ne canjin da aka yi a wannan zangon yake ciwo. A da Recover sau 16 ake yinsa in an cika PP, wato adadin da ake iya yin motsi, a Scarlet da Violet an mayar da shi 8. Haka Roost, Soft-Boiled da Slack Off. Sannan da wasan ya fito a 2022 Toxapex ya wayi gari babu Scald babu Knock Off. Scald kuwa shi ne haƙorinsa: ƙarfi 80, da damar ƙuna kashi 30 cikin ɗari. Ƙuna tana raba ƙarfin dukan fizikal biyu. Wato a Sun da Moon da Sword da Shield, duk mai Ƙarfe ko mai Ƙasa da ya shigo gabansa da zuciya ɗaya yake shigowa, don bai san ko zai fita da ƙuna ba. Yanzu da waƙa suke shigowa.

Mai Gaggawa:
Alhamdulillahi da aka yi haka. Wanda ya rage wa Recover PP Allah ya saka masa da alheri. Kun manta lokacin da mutum zai zauna zagaye ɗari biyu yana kallon Toxapex da Chansey da Corviknight suna musayar wuri? Wannan ba wasa ba ne, gwajin haƙuri ne. Har sai da Showdown ya kafa dokar hana faɗan da ba ya ƙarewa, wasa in ya kai zagaye 1000 a tashi canjaras. Abin da sai an yi masa irin wannan doka, ai kun san akwai matsala.

Kunkuru152:
Yaya, wannan dokar ba don masu tsaro na gaskiya aka yi ta ba, don masu haɗa saitin da gangan yake hana wasa ƙarewa ne. Mai tawagar tsaro so yake ya ci, a hankali dai yake ci. Kuma in ka ga wasa ya kai zagaye ɗari biyu, ka tambayi ɗaya ɓangaren me ya zo da shi na fasa bango. In bai zo da komai ba, laifin wa?

Mai Gaggawa:
Laifin wanda ya zo wasa da niyyar kada a yi wasa.

Hajiya Chansey:
Ku bar wannan tsohuwar rigimar taku, yaro tambaya ya yi.

Ɗan Auta, abin da nake so ka riƙe shi ne, bango, wato mai shanye bugu, ba a auna shi da daɗewarsa a fili. Da abin da ya karɓo maka a zagayen da abokin gaba ya ɓata a kansa ake auna shi. Duk wanda ya yi suna a tarihin wasan nan, in ka duba yana da wani abu da yake ci da shi yayin da ake dukansa.

Skarmory da Blissey, tun zamanin Gold da Silver ake haɗa su, har sunansu ya zama ɗaya a bakin 'yan wasa. Blissey jini 255, Special Defense 135, amma Defense 10, abin tausayi. Skarmory kuma Defense 140, sai ya rufe mata wannan ɓarakar. Amma ba tsayuwa kawai suke ba. Skarmory yana zuba Spikes, sannan ya yi Whirlwind ya kore ka, wanda ya shigo ya taka. Shimfiɗa ɗaya kashi ɗaya cikin takwas take ci, biyu ɗaya cikin shida, uku ɗaya cikin huɗu. Blissey tana da Seismic Toss, 100 cif take cirewa a mataki na 100, ba ruwanta da raunin hannunta. Ferrothorn, da ba ya cikin wannan zangon, in ka taɓa shi Iron Barbs ya ci ɗaya cikin takwas na jininka, in yana sanye da Rocky Helmet a ƙara ɗaya cikin shida, ga Leech Seed a gefe. Kai ke duka, kai ke zubar da jini.

Na yanzu kuma ka dubi Garganacl. Salt Cure ɗaya cikin takwas yake ci duk zagaye, in kai Ruwa ne ko Ƙarfe ɗaya cikin huɗu. Wato waɗanda suka saba shigowa gaban bango su yi hamma, su ne ya fi ci. Shi ya sa ake tsoronsa, ba don taurinsa kaɗai ba.

To kai naka, in mai Ƙarfe ya shigo, me yake karɓowa? Babu. A nan matsalar take.

Ɗan Autan Kanto:
To in sa Toxic Spikes a madadin Toxic? Ko duka biyun?

Malam Lissafi:
Ya danganta da irin tawagarka, kuma akwai lissafi mai daɗi a nan. Guba ta gama-gari, wadda shimfiɗa ɗaya ta Toxic Spikes ke sawa, biyu cikin 16 take ci kowane zagaye, ba ta ƙaruwa. Muguwar guba ta Toxic da ɗaya cikin 16 take farawa, sai biyu, sai uku, haka. In ka tara: ta farko 2, 4, 6, 8, ta biyu 1, 3, 6, 10, 15. A zagaye na uku suke haɗuwa. Kuma da mutum ya fita ya dawo, ƙidayar Toxic ta koma farko. Saboda haka a wasa mai sauri, inda ba wanda ke zama zagaye uku a fili, shimfiɗa ɗaya ta fi biyu amfani, ka kuma tsira da zagaye guda. Mutane da yawa suna ɓata lokaci wajen zuba ta biyu.

Amma ka sani ba ta kama masu tashi, ba ta kama Ƙarfe, ba ta kama mai Heavy-Duty Boots, kuma duk nau'in Guba da ya taka ƙasa ya kwashe ta gaba ɗaya. Tun da aka kawo takalman nan a Sword da Shield a 2019 darajar duk abin shimfiɗawa ta ragu, sai in kana da mai Knock Off da zai riƙa tuɓe wa mutane su. Great Tusk ɗinka yana koyon Knock Off. Yana cikin saitinka?

Ɗan Autan Kanto:
A'a Malam, Headlong Rush, Close Combat, Ice Spinner da Rapid Spin ne.

Malam Lissafi:
To ka gani. Kowa a tawagar harkar gabansa yake.

Biyu-Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo da namu ɓangaren, don duk maganarku ta ɗaya-da-ɗaya ce ta dokokin Smogon, ƙungiyar 'yan wasan da ke tsara OU. A VGC, wato gasar hukuma, biyu ne a fili kowane gefe, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, mataki na 50, ga agogo yana bin ka. Irin bangon da ke zama yana Recover ba ya kai labari a can, don mutum biyu za su haɗu a kansa, ko ma su ƙyale shi su kashe na kusa da shi.

Amma mai shanye bugu yana nan, aikinsa ne ya bambanta. Misalin da kowa ya sani: gasar duniya ta 2014 a Washington, inda Sejun Park ɗan Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu. Ku duba lambobinsa, HP 60, Defense 70, Special Defense 90. Ba wanda zai kira wannan bango a takarda. Amma yana da Follow Me, yana janyo duka zuwa kansa, yana riƙe da Sitrus Berry, ga Volt Absorb da ke mayar da harin Lantarki magani, alhali a gefensa akwai Gyarados da Lantarki ke yi wa ninki huɗu kafin ya zama Mega. Duk zagayen da Pachirisu ya sha duka, na kusa da shi ya samu damar yin abin da ya ga dama. In kuma aka ƙyale shi, Nuzzle ya shanye maka jiki, Super Fang ya raba jininka biyu.

Haka Amoonguss da Rage Powder da Spore. Haka Incineroar da Intimidate da Fake Out da Parting Shot. Maganar Hajiya ce dai ta fito a wani fili: ba don su rayu aka kawo su ba, don wani ya samu zagaye ne.

Mai Gaggawa:
Yauwa, wannan na yarda da shi. Pachirisu aiki ya zo yi, ba zaman dirshan ba. In irin wannan ne bango, ni ma ina so.

Kunkuru152:
To ai a ɗaya-da-ɗaya ma akwai irinsa, Yaya, kai ne ba ka son gani. Shi ne abin da zan ba Ɗan Auta shawara a kai in yana son ya riƙe masu dukansa.

Rashin gudu ba kullum ne aibi ba. Ɗauki Corviknight mai U-turn, motsin da ke bugu sannan ya fitar da mai yinsa daga fili. Abokin gaba ya riga ka motsi, ya buga, Corviknight ya shanye, sannan U-turn ya fita da shi a ƙarshen zagaye, Dragapult ya shigo ba ko ƙwarzane, yana fuskantar wanda ya riga ya gama nasa motsin. Ko Slowking na Galar: shi ma Regenerator gare shi, ya saki Future Sight mai ƙarfi 120 da zai sauka bayan zagaye biyu, sannan Chilly Reception ya fitar da shi. Sai mai dukanka ya shigo, abokin gaba ya rasa wanda zai tura, don duk wanda ya zo bugu biyu zai sha a zagaye ɗaya. A Sword da Shield Slowbro da Teleport haka ya riƙa yi wa mutane.

Toxapex ba shi da irin wannan ƙofar fita. In zai fita sai dai ka canza da hannu, wanda ya shigo ya karɓi duka. A tawagar da ke da wasu masu tauri biyu ko uku wannan ba komai ba ne. A taka kuwa kisa ne.

Hajiya Chansey:
In kuma Toxapex ɗin yake so ya riƙe, to a gina masa gida. Abu uku ke cin sa: Ƙasa, Lantarki, Psychic. Corviknight Ƙasa ba ta taɓa shi, Psychic kuma rabi yake masa. Amma su biyun duk Lantarki na cin su, sai a kawo na uku. Ting-Lu ya dace, Dark ne da Ƙasa, Lantarki da Psychic duk ba sa taɓa shi, jini 155, yana shimfiɗa Stealth Rock da Spikes, yana da Whirlwind. Ukun nan su riƙa juyawa, sauran gurbi ukun ka zuba masu duka. Kingambit ma ya fi jin daɗin irin wannan tawagar, a ajiye shi sai ƙarshe lokacin da ƙaya da guba sun gama cin mutane, ga Supreme Overlord na ƙara masa kashi 10 cikin ɗari kan kowane ɗan'uwansa da ya faɗi, ya zo da Sucker Punch ya share.

Ɗan Autan Kanto:
Na gode ƙwarai. Ina ganin zan gwada ta Hajiya: Toxapex, Corviknight, Ting-Lu, sai Dragapult, Kingambit da Great Tusk mai Knock Off. Valiant da Cinderace su huta. Tera fa, wato canza wa Pokémon nau'i a tsakiyar wasa? Ina tunanin ba Toxapex Tera Fairy ko Steel.

Malam Lissafi:
Kafin ka yi haka, cire Black Sludge. Ga nau'in Guba ne kaɗai yake ƙara ɗaya cikin 16 duk zagaye. Da ka yi Tera ka bar nau'in Guba, abin da ke hannunka ya koma cin ka, ɗaya cikin takwas kowane zagaye. Na ga wanda ya yi Tera don ya tsira daga Earthquake, ya tsira kuwa da ɗan jini kaɗan, zagaye na ƙarewa Black Sludge ɗinsa ya ƙarasa shi. Ɗayan ma sai da ya rubuta alamar tambaya a akwatin hira.

Ba shi kaɗai za ka rasa ba. Toxic daga hannun nau'in Guba ba ya kuskure, daga hannun wani kuwa kashi 90 ne. In Fairy ka zama, guba za ta iya kama ka, kuma ka daina kwashe Toxic Spikes. Sannan Tera sau ɗaya ne a wasa duka. In ka kashe shi a kan Toxapex, Kingambit ba shi da shi a ƙarshe. Ni dai a wannan tawagar Kingambit zan bar wa, sai in wuta ta yi wuta.

Mai Gaggawa:
Ka dai sani, ƙanina, da ka hau sama kaɗan za ka haɗu da irinmu. Heatran ya kulle ka da Magma Storm, ya yi Taunt mai hana motsi mara duka, Recover ta mutu zagaye uku, Earth Power ya gama aiki, Regenerator ɗin ma ba ka fita ba balle ya yi amfani. Ko a yi maka Trick, wato musayar abin riƙewa, a manna wa Toxapex ɗinka Choice Scarf, ya koma motsi ɗaya yake maimaitawa. Ko a sa Substitute a gabanka, Toxic ya zama banza. Kuma duk wanda ya zauna shan duka, bugun sa'a, wato wanda ke ci fiye da kima, na jiransa. Ɗaya cikin 24 ne, amma wanda aka buga sau hamsin ai ba zai ce bai zata ba.

Kunkuru152:
Duk gaskiya ne, kuma duk suna da amsa. Heatran in ya shigo ba zama ake ba, Ting-Lu ake turawa tun kafin a kulle ka. Trick kuma sau ɗaya ne, in ka ga Gholdengo ya riga Pokémon ɗin da bai kamata ya riga ba, ka san Scarf ne, ka tura masa wanda Scarf ba zai kashe wa aiki ba. Abin da na fi jin tsoro a tawagar nan Recover takwas ɗin nan ne. Ɗan Auta, kada ka danna ta don kawai jini ya ragu. In za ka iya fita Regenerator ya yi maka aikin, fita. In kuma Corviknight ne mai Pressure a gabanka, motsin da ka nufe shi da shi PP biyu yake ci, kada ka tsaya kana watsa masa Surf.

Biyu-Biyu:
Ba wanda ya ambaci Dondozo? Jini 150, Defense 115, ga Unaware, duk Swords Dance ɗin da za ka tara bai san da shi ba. A wurinmu da Tatsugiri ake haɗa shi, ya shige bakinsa duk ƙarfinsa ya hau mataki biyu, amma na ga ku shi kaɗai kuke sa shi.

Hajiya Chansey:
Yana aiki sosai, sai dai warkewarsa Rest ce, barcin zagaye biyu, kuma harin sifeshal na huda shi. A tawagar tsaro zalla ya fi zama, inda Blissey ke bayansa. A ta Ɗan Auta Haze ya riga ya ɗauki rabin wannan aikin.

Ɗan Autan Kanto:
To me zan ba Toxapex ɗin ya riƙe, tunda Black Sludge na da wannan matsalar? Boots ko Rocky Helmet?

Kunkuru152:
In ba za ka yi masa Tera ba, Black Sludge ɗin ma ba laifi. Amma ni Boots zan ce. Mai shiga da fita ne, Stealth Rock na cin 38 daga cikin 304 duk shigowa, in aka haɗa da Spikes uku an kusa cinye abin da Regenerator ya ba ka.

Malam Lissafi:
An wuce kusa. 38 da 76 ai 114 ne, Regenerator kuma 101. Asara yake yi duk zagayowa. Amma yana da Great Tusk mai Rapid Spin, Corviknight ma zai iya ɗaukar Defog, duk biyun masu share abin da aka shimfiɗa ne, don haka Helmet ba hauka ba ne.

Mai Gaggawa:
Gholdengo na gaishe ku. Fatalwa ne, Rapid Spin ba ta taɓa shi, Good as Gold kuma ya tare Defog. Ku share in gani.

Kunkuru152:
Shi ya sa na ce Boots. Helmet ɗin a ba Corviknight, shi Spikes ba sa taɓa shi. Kuma Great Tusk in ya hango Gholdengo zai shigo tare Rapid Spin, Knock Off ko Headlong Rush zai danna, duka biyun ninki biyu suke masa. Sai dai in Air Balloon ya zo da shi, to a fara da Knock Off, balan-balan ɗin ta fashe tukuna.